Shekarar da na ɗauko yayanku daga hannun Inna

Ranar sunan ɗiyar Balki ina bayan ɗaki ina tsinkar yakuwa, sai na ji ɗaya daga cikin matanku tana ba wata baƙuwa labari, murya ƙasa-ƙasa, wai kakar maigidanta ta taɓa kusan kashe babban wansu da yunwa, sai da uwarsu ta je ta ƙwato shi. Ba zan faɗi ko wace ce ba, ta san kanta, kuma ban riƙe ta a rai ba, abin da ta tarar ana faɗi ne ta maimaita. Amma ranar ko tuwon sunan bai shiga bakina ba. Inna ta daɗe cikin ƙasa, ba ta da bakin kare kanta, babanku ma ya bi ta, ni kaɗai na rage da na ga abin da idona. To ku ajiye wayoyin nan naku ku ji yadda aka yi.

Shekarar ba ta yunwa ba ce, ku fara riƙe wannan. Damina ta yi kyau, a ƙauyenmu can bayan Hawandawaki har rumbu aka ƙara, hatsi ya yi, wake ya yi, gujiya, wato gyaɗa, ta yi. Ni ina Tasawa ɗakin babanku, shi yana ɗinki a bakin kasuwa, yayanku na kan nono, ya fara dafa bango yana takawa. Sai na wayi gari warin daddawa na tayar mini da zuciya, na kuwa san abin da ya same ni. Rurrutsa ke nan, mace ta ɗauki ciki ba ta yaye na goye ba, kuma a zamaninmu ba abin da ke zubar da mutuncin mace irin wannan. Ba mai ce miki komai a fuska. Ki dai je ɗibar ruwa ki gani: ido ya sauka kan cikinki, ya hau kan na bayanki, ya sake komawa kan cikin, sai hira ta mutu. Babanku ma da yake namiji sai da abokansa suka ishe shi da tsiya a rumfar ɗinki. Kowa kuma ya yarda nonon mai ciki ya lalace, in yaro ya ci gaba da sha tamowa za ta kama shi, ya rame ya lalace, gari duka ya san abin da iyayensa suka yi. Na aika wa Inna a ɓoye. Ta zo, ko ci kanki ba ta ce mini ba, ta goya shi ta tafi da shi yaye.

Ina bayan ƙofa aka fita da shi, ban leƙa ba. Ku ƴan yanzu kuna rungumar ɗan fari a gaban surukai, kuna ƙwala masa kira da sunansa tun daga zaure, ba za ku gane ba. Mu ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ki kau da kai ki jira wata ta ɗauke shi. A gaban uwarki kuwa abin ya fi tsanani, ko kallonsa ba ki yi. Ni sai na haɗa kunya biyu, ta ɗan fari da ta ciki. Na yi kukana a makewayi inda ba mai gani, na wanke fuska na fito na hura wuta.

Inna ta so yaron nan, Allah shi ne shaida. Jikanta na farko namiji, "Maigida" take ce masa, ta ce ta yi sabon miji ta huta da tsoho. Abin da ta fi ɗauka da daraja shi take ba shi. Ta surfe hatsi ta wanke, ta daka, ta tankaɗe ta sake tankaɗewa har garin ya yi fari fat, ta dama masa kunu mai ruwa-ruwa, ta zuba sukari, wanda ni da kaina nake aika mata da shi. Safe kunu, rana kunu, maraice kunu. Wake ba ta ba shi, an ce yana kumbura cikin yaro. Ƙwan zabinta fal kwando, amma na kasuwa ne, kuma an ce yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Gujiya ta mai ce da ƙuli-ƙulin sayarwa. Nonon da Fulani ke kawowa ana musanya da hatsi, na furar manya ne masu zuwa gona. Miyar ganye kuwa ta ce ta yi masa ƙarfi, zawo za ta sa shi. Ba rowa ba ce, haka aka yaye ta, haka ta yaye mu, sai dai mu sai da muka ƙoshi da nono muka yi ƙwari, muna sa hannu a kwanon kowa, kafin a cire mu. Shi kuwa an cire shi tun bai isa ba. Duk wanda ya zo cin kasuwar Tasawa daga ƙauyenmu sai ya biyo da saƙo iri ɗaya, Innarki ta ce a gaya miki maigidanta ya yi ƙiba. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce madalla.

Awon ciki ma ban so zuwa ba, don kada a gan ni. Babanku ne ya matsa. A gidan likita akwai wata Madam ƴar Damagaram, doguwa, mai faɗa kamar ta ari baki, kafin awo sai ta tara mu a rumfa ta yi mana karatu. Ranar ta fito da fayafai uku. Ɗaya da hatsi da dawa da rogo da sukari da ɗan mai a kwalba, ta ce wannan shi ke ba da ƙarfi, shi ne itacen da ake hura wutar jiki da shi. Na biyu da wake da gujiya da ƙwai da busasshen kifi da ƙwaryar nono, ta ce wannan shi ke gina tsoka da jini, yaro ba ya girma sai da shi. Na uku da zogala da kuka da yakuwa da yankin kabewa da mangwaro, ta ce wannan shi ke tsare jiki daga cuta, ya gyara ido da fata. Mata na ta dariya, wata ta ce Madam za ta buɗe kasuwa. Madam ta harare ta.

"Ku yi dariya. Yaro sai cikinsa ya cika taf da kunu, jikinsa kuwa bai samu abin gini ba. In kun ga ya kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, ba ya wasa, ku danna bayan ƙafarsa da yatsa. In ramin ya tsaya bai taso ba, ku ɗauko shi da gudu, kada ku tsaya neman mayafi."

Ni ma na yi dariyar tare da su. Sai a hanyar gida maganar nan ta "ya yi ƙiba" ta faɗo mini. Na ce da zuciyata, Habsu, ke dai da neman abin damuwa. Amma abin ya ƙi barina. Ranar kasuwar ƙauyenmu na ce da babanku zan kai wa Inna sabulu, na shiga motar ƴan kasuwa da cikina tulu guda, muka yi ta nutso cikin rairayi ana sauka ana turawa.

Na tarar da gidan cike da mata, ana ɓarar gujiya a inuwar itacen bedi. Na durƙusa na gaida kowa, ina jin idanu na auna cikin. Yayanku yana zaune kan tabarma jikin Inna. Ban dube shi ba, da wutsiyar ido na gan shi. Kumatu sun cika har sun matse idanun, ƙafafu sun yi dam suna sheƙi, gashin nan baƙi da ya tafi da shi ya koma ja-ja, ya kwanta. Bai dube ni ba, bai dubi kowa ba. Kaza ta zo ta tsaya a gabansa, ko hannu bai ɗaga ba. Inna ta kama kumatunsa tana jijjigawa.

"Kun ga maigidana? Da aka kawo mini shi kamar kara, yanzu ku dubi wuya. Wanga ko ɗan sarki albarka."

Mata suka ce tubarkalla, hannun Inna akwai albarka. Na buɗe baki, muryata ta fito ƴar ƙarama.

"Inna, wancan… shina cin wani abu ban da kunu?"

Wata tsohuwa ta tafa hannu.

"La ila! Ku ji mini ɗiyar zamani. Ɗan fari take tambaya, a gaban uwarta!"

Aka kwashe da dariya, Inna ma ta yi, ta ce birni ya ɓata ta. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na jawo kwandon gujiya ina ɓara. Sai da aka kira azahar, mata suka watse, Inna ta ɗauki buta ta zaga, sannan na matsa kusa da shi. Na sa babban yatsa na danna bayan ƙafarsa. Na ɗaga. Ramin na nan, kamar an danna ɗanyen ƙullu. Na jira, bai taso ba. Na danna ɗayar, haka. Shi kuwa ya yi wani ɗan kuka marar ƙarfi, ya juya yana neman Inna.

Daga bakin kasuwa na ji motarmu na ta oda, za ta koma. In ta tafi sai wani mako. Ya kamata in jira Inna ta idar da salla in ja ta ɗaki, na sani, na kuma yi ta sani tun daga ranar. Amma me zan ce? Da wane baki zan zauna gaban uwata in yi mata maganar jikin ɗan fari, ni da cikina ya jawo aka cire shi daga nono? Ɗaukarsa ta fi mini sauƙi a kan maganar. Na cire mayafina na goya shi, ɗaurin ya hau saman ciki, na fita ba sallama. Mace da ciki a gaba, goyon ɗan fari a baya, tana ratsa kasuwa da rana tsaka, kai ba mayafi. Mahauta suka bar sara suna kallo. Na kai bakin mota ke nan na ji an riƙo zanen goyon ta baya. Inna ce, ko takalmi babu, carbi a hannu.

"Ke Habsu, lafiya? Ina za ki da shi?"

"Likita."

"Likitar mi? Mi ya same shi? Kwance mini yaro, kin haukace?"

Tana ja, ina ja, yaron na kuka, mutane sun yi mana zobe, direba na cewa ku shiga ko ku bari. Sai na ji bakina ya faɗi maganar da har yau in na tuna nake rufe fuska ko ni kaɗai ce a ɗaki.

"Ba ƙiba ba ce, Inna, kumburi ne! In na bar shi hannunki mutuwa zai yi!"

Ta saki zanen. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dubi mutanen da suka kewaye mu, ƴan garin da ta yi wa matansu wankan jego, ta yaye musu ɗiya, sannan ta juya ta tafi tana taka rairayi mai zafi da ƙafa tsirara. Maganar da kuke ji yau, daga bakin motar nan ta tashi.

Da muka isa gidan likita a Tasawa, Madam na danna ƙafarsa ta daka mini tsawa, ta ce ina nake har ya kai haka. Ta tambayi sunansa, na ce ɗan Malam Isufu tela ne. Ta ce ba sunan ubansa ta tambaya ba. Dole na faɗa, karo na farko a rayuwata, kuma ko a nan ba zan maimaita shi ba, kun dai san sunan yayanku. Aka ba mu gado a ɗakin masu tamowa, wanda tagarsa ke kallon hanyar kasuwa, duk wanda ya wuce sai ya leƙa. Kafin isha'i Tasawa duka ta ji matar tela na ɗakin tamowa da ciki. Madam ta ce ba za a fara da abinci mai nauyi ba, jikinsa ba zai ɗauka ba, wata madara ce ta likita za a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da kofi, dare da rana. Na ɗauki kofin na kai bakinsa, ya datse haƙora. Na lallashe shi, ban ma iya lallashin ba, ban taɓa yi ba. Ya ture hannuna yana kiran Inna, Inna. Aka gwada cokali, aka gwada wata mai jinya, ya ƙi. Abin da aka ɗura ya dawo da shi. Kwana ya bi kwana, fatar cinyarsa ta fara saɓulewa, kukan ma ya daina. Madam ta tsaya a kaina, wannan karon ba faɗa.

"Zan sa masa roba ta hanci, amma yaron da ya ƙi karɓa da bakinsa ina jin tsoronsa. Hannun wa ya saba ci?"

Na ce hannun kakarsa.

"To me kike jira? Ale, maza a je a zo da ita."

Ni ba ni da idon da zan kalli Inna, kuma ba ni da ƙafar barin gadon. Babanku ne ya ari babur ya tafi, shi da bai taɓa haɗa ido da surukarsa ba. Daga baya ya gaya mini a ƙofar gida ya tsuguna, ya cire hula, ya ce a gaya wa Inna yaro ya ƙi ci. Bai ƙara ko kalma ba, bai san me zai ƙara ba. Ya ce kafin ya miƙe ta fito da ƙullin kayanta.

Ta shigo ɗakin nan, dattijuwa mai mutunci, ta ratsa tsakanin gadaje ana kallonta, an riga an san ko wace ce. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango. Ta zauna ta ɗora shi a cinya.

"Haba Maigida, fushi kake da ni? Na zo biko. Karɓi, sha."

Ya buɗe baki ya sha. Kurɓi ɗaya, ya huta, ya ƙara. Na fita bayan ɗakin na zauna a ƙasa, na yi kuka har wata mai shara ta ce ko rasuwa aka yi.

Haka muka zauna, ita ke ba shi, ni ke wanke kofi, ba ta yi mini magana sai ta ce miƙo, ko ɗauke. Sai kumburin ya fara saɓewa. Ba wanda ya gaya wa Inna abin da za ta gani. Kumatun suka zube, ƙafafun suka koma sanduna, haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa, wuyan da take yabo ya kasa riƙe kai. Wata safiya ta tuɓe masa riga za ta goge masa jiki, sai ta tsaya da tsumman a hannu.

"Madam, kun ƙarasa mini shi."

"A'a Inna, sauƙi ne ya fara. Ruwa ne ya fita. Wannan shi ne jikinsa na gaskiya, tun yana gida haka yake a ƙarƙashi."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta zagaye damtsensa da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura.

"Ashe wanga nike goyo ina yawo da shi gida-gida, ina cewa a zo a gani."

Ban taɓa ganin hawayen Inna ba sai ranar, ko da Baba ya rasu a ɗaki ta yi nata. Da ya fara jin yunwa da kansa, Madam ta koya mana kunun da za a riƙa yi masa, ita da Inna a bakin murhu: garin hatsi ba a tankaɗe shi har ya mutu ba, a haɗa da garin soyayyen wake da tunkuzar gujiya, a yi shi da kauri, a ɗiga mai, a barbaɗa garin zogala, in da nono a zuba. Inna ba ta yi gardama ba ko sau ɗaya. Ranar da aka kawo dafaffen ƙwai ta juya shi a hannu, ta ce to in ya zama ɓarawo ai da ransa zai yi satar, ta ɓare ta murmushe ta ba shi. Yanzu ga shi can yana limanci, ku je ku tambaye shi ko ya taɓa ɗaukar allurar wani.

Da ya fara zama da kansa yana jan ɗankwalinta, sai ta ce in matso. Ta sa mini cokali a hannu, ta ɗora nata hannun a kan nawa, muka kai bakinsa tare. Ya dubi hannun, ya karɓa. Muka yi ta yi haka, kullum tana sassauta riƙon, har ranar da ta janye hannunta gaba ɗaya bai lura ba. Washegari yana barci ta ɗaure kayanta. Na bi ta har bakin ƙofar likita, na durƙusa da cikina na ce ta yafe mini.

"Na yafe miki, ɗiyata. Kin yi daidai da kika ɗauke shi. Da dai a ɗaki kika gaya mini."

Na ce kunya ce ta hana ni. Ta gyara ƙullin a kanta, ta ce ta sani, ita ta koya mini.

Ta koma ƙauye ta tarar da maganar ta riga ta. Matan da ke kawo mata yaye suka daina, ita ma ba ta nema ba. Ba ta taɓa kare kanta ba, kuma duk gidan da ta ji an yaye yaro sai ta aika da ƙullin garin wake da gujiya, ba ta zuwa da kanta. Cikin nan da ya jawo duk wannan, ke ce Balki. Na shayar da ke har kika ƙoshi, kika yi ƙafa kika yi baki, na ce to yanzu zan wanke Inna a idon gari. Na zaɓi ranar kasuwa, na goya ki, na ratsa ta gaban mahautan nan da gangan don kowa ya ga inda zan kai ki yaye. Na sauke ki a gabanta na ce ga kishiyarki na kawo miki. Ta yi murmushi, ta shafa kanki, ta miƙa hannu za ta ɗauke ki, sai na ga hannun ya tsaya a hanya. Ta mai da shi cinyarta.

"Koma da ita, Habsu. Hannuna tsoro yake ji."

Na roƙe ta, ta girgiza kai. Na sake goya ki, muka bi ta bayan gari muka koma bakin mota.